Buroshin Iya Wulemotu

Akwai wani mai zubin tukwanen dalma a garin Shaki, sunansa Morufu. Hannunsa na da kyau, wannan ba mai musu. Tukunyar da ya zuba, uwa za ta yi girki da ita har ta bar wa 'yarta.

A kan kayan sana'arsa ba ya wasa. In zai sayi magagari sai ya juya shi gaba da baya, ya goga a ƙarfe, ya kasa kunne ya ji kukansa. In bai yi masa ba, ko ɗan uwansa ne mai shagon, ajiyewa zai yi ya wuce.

Aibinsa ɗaya ne, amma babba. Sana'arsa kaɗai yake ɗauka sana'a, aikin kowa a wurinsa wasan yara ne. Ga shi da son a gani a yaba.

Mahaifiyarsa, Iya Wulemotu, tana zaune a gidansu na gado, a ɗaki na ƙarshe in ka bi dogon lungun da ya ratsa tsakiyar gidan. A ɗakin nan aka kawo ta tana amarya. A nan ta haifi Nimota, a nan ta haifi Morufu. Kabarin mijinta yana bayan gida, daidai ƙarƙashin tagarta. Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta tura tagar, ta yi masa addu'a, sannan ta sha kokonta.

Tsohuwar nan ba ta yarda wani ya taɓa mata bango. Kowace shekara, in Babbar Sallah ta matso, da kanta take fitar da kayanta waje. Ta kankare inda ya tashi, ta goge, ta shafa fentin ruwa shuɗi mai haske.

Tana da buroshinta guda, mai faɗi, mai mariƙin katako, gashinsa baƙi mai laushi. Mijinta ne ya sayo mata tun yaran suna ƙanana. In ta gama aiki sai ta wanke shi da sabulu har ruwan ya fito fes, ta taje shi da tsohon mataji, ta naɗe a tsumma, ta rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Morufu yakan tsaya yana dariya.

"Maami, wannan buroshi ne ko jariri? Saura ki goya shi."

"Kai da na goya me ka tsinana mini?" in ji ta. "Shi dai bai taɓa zubar mini da gashi ko ɗaya a bango ba. Kai kuwa shafa kanka ka ji, tun ba a je ko'ina ba sanƙo ya cinye rabi."

Daminar da abin nan ya faru ruwa ya yi yawa. Kwanon gidan ya huje daidai saman ɗakinta. Bango ya sha ruwa, baƙar fumfuna ta hau shi daga sama har ƙasa. Tsohuwa ta fara tari, tun tana ɓoyewa har ya kai ba ta iya gama Fatiha sai ta huta. Nimota, wadda ke aure a Ibadan, ta zo ta ɗauke ta zuwa asibiti.

Ta daɗe a kwance. Ranar sallama likita ya faɗa wa Nimota gaskiya: ƙirjin ya gaji, zuciyar ma ta gaji. Kada ta kwana inda akwai danshi, ko ƙura, ko wari mai ƙarfi. Sai Nimota ta wuce da ita gidanta.

Tsohuwa ta ƙi sakin jiki. A kawo mata amala da miyar wake mai kyau, ta yi loma biyu ta ture. Maganarta ɗaya ce safe da yamma.

"Ku mai da ni ɗakina. Ina da ɗa namiji a raye, ina da ɗakina, a ce na mutu a gidan suruki? Wannan abin kunya ba da ni ba."

Da Nimota ta gaji sai ta kira ƙanenta.

"Morufu, Maami ta hana ni sakat. Ka gyara kwanon nan, ka gyara bangon. Ranar da ɗakin ya bushe, babu fumfuna, babu wari, da kaina zan kawo ta. Kafin nan, ko kuka take yi ba za ta zo ba."

"Haba Yaya, wannan har wani aiki ne? Ni da nake narkar da ƙarfe?"

Tsohuwa ta karɓi wayar. Muryarta ta yi ƙasa, amma kaifin yana nan.

"Morufu, buɗe kunnenka. Ka fara kankarewa har ka ga siminti. Ka bar shi ya sha iska. Fentin ruwa za ka sa, kada ka kai mini na mai ɗaki. Ka shafa siriri, ya bushe, ka maimaita. Buroshina yana bayan ƙofa. In ka gama ka wanke mini shi."

"Na ji, Maami."

"Ba ka ji ba. Na san muryarka in ka ji."

Kwanon dai ya gyara shi, kuma ya gyaru, don aikin ƙarfe ne. Daga nan kansa ya tafi wani wuri.

Ya zauna da 'yan ƙungiyarsu ta sa'anni, aka ce ai uwar Morufu ba za ta dawo daga asibiti shiru kamar kaza ba. Za a yi walima. Za a fitar da anko, a kira makaɗa, a kafa rumfa a ƙofar gida. To in mutane za su taru, ai sai gaban gida ya yi kyau.

Ya ɗauko masu fenti biyu. Gaban gida ya sha fenti ruwan ƙwai, tagogin waje suka sha shuɗin fentin mai, suna ta ƙyalli. Da aka zo kan ƙofar ƙarfe ta waje, masu fentin suka ce buroshinsu ya yi ƙanƙanta, a samo mai faɗi. Morufu bai yi tunani biyu ba. Ya shiga ɗakin uwarsa ya sauko da ƙunshin nan daga ƙusa.

Matarsa Risikatu, uwar 'yarsu Sakira, ta tare shi a lungu.

"Baban Sakira, na Maami ne fa."

"Na sani. Cinyewa za su yi?"

"Fentin mai ne za su tsoma shi a ciki. Ita ko ni ba ta bari na riƙe."

"Ke, matsa mini. Buroshi buroshi ne."

Aka shafe ƙofa baƙa wuluk. Da masu fenti suka tashi, suka ajiye buroshin a kan katanga yadda yake, suka tafi. Morufu yana can wajen zaɓen atamfar anko. Sai bayan kwanaki Risikatu ta gan shi tana shanya. Rana ta gasa shi, gashin ya haɗe ya zama dunƙule ɗaya kamar itace. Ta jiƙa shi a kananzir, ta bubbuga, ta sa mataji, haƙoran matajin suka karye. Buroshi ya riga ya mutu.

Da ta nuna masa, ya karɓa ya jujjuya shi. Sannan ya ce, "Sabo zan saya mata. Ɓoye wannan."

Lokacin nan an riga an sa ranar walima, an raba anko, an faɗa wa Nimota. Ɗakin tsohuwa kuwa ko tsintsiya bai gani ba.

Ya tafi shagon abokinsa Lasisi, mai sayar da kayan gini. Tare suka taso, ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Mai Tukunya! Yau kuma wa aka cuta?"

"Kai dai Tumbi, tashi ka ba ni buroshi da rola. Ɗakin Maami zan shafe."

Da Lasisi ya ji ɗakin Maami ne sai ya miƙe da gaske. Ya jero kaya a kan teburi: buroshi mai faɗi, ƙaramin buroshi na kusurwa, rola mai gashi, farantin tsoma ta, ƙarfen kankara, samfefa, da bokitin fentin ruwa.

"Riƙe wannan," ya ce. "Ja gashin da ƙarfi. Ka ga ko ɗaya ya fito? Lanƙwasa shi a tafin hannunka. Ka ga ya koma yadda yake? To shi ke nan."

"Duk wannan tarkace na mene ne? Gada zan gina?"

"Bangon da ya sha ruwa ne. In ba ka kankare ba, duk abin da ka ɗora a kai zai taso."

Morufu ya tambayi kuɗin. Da ya ji sai ya yi tsaki. Ba wai babu ba ne, ko jiya ya biya makaɗa ba tare da ya nemi ragi ba.

"Tumbi, so kake ka ƙara wa cikin nan hawa ɗaya da kuɗina? Fenti ai shafawa ne. Ko da tsumma zan iya."

"Kai da kake sa magagari a kunne kamar mai sauraron rediyo, yau kai ne kake cewa kaya kaya ne? Ɗauka ka tafi, ka kawo mini tukunya daga baya."

"Ajiye abinka. Ɗakin tsohuwa ne can ƙuryar gida. Wa zai shiga ya gani?"

Lasisi ya daina dariya. Ya dube shi ya ce, "Ita."

Morufu ya yi kamar bai ji ba. A hanyar gida ya tsaya tasha, wurin masu talla a baro. Ya sayi buroshi mai jan mariƙin roba, yana ta sheƙi a leda, da rola ta soso. Bai ja gashin ba, bai lanƙwasa ba. Ƙarfen kankara da samfefa ko tunaninsu bai yi ba. Fenti kuma, ai ga ragowar shuɗin na mai da aka yi tagogi da shi. Shuɗi dai shuɗi ne, kuma zai rufe baƙin fumfuna a shafa ɗaya.

Wannan ba wayo ba ne. Raini ne, kuma wadda aka raina uwa ce.

Ya sirka fentin da kananzir ya fara. Tun jan farko buroshin ya soma zubar da gashi. Ya tsaya yana tsincewa da farce, inda ya tsince ya bar tabo, ya shafa don ya rufe tabon, wasu gashin suka sake zuba. Ya jefar ya ɗauki rola. Soson ya sha kananzir ya kumbura, ya fara marmashewa a jikin bango. Yana turawa, tsohon fentin da bai kankare ba yana tasowa yana nannaɗe jikin rolar kamar ɓawon rogo.

Risikatu ta leƙo, ta toshe hanci da gefen zaninta.

"Baban Sakira, wannan warin fa? Yayarka, Iya Ibadan, ta ce..."

"Iya Ibadan ce za ta koya mini aiki? Zuwa jibi ya fita."

"Ka koma wurin Lasisi mana. A ɗaga walimar."

"A ɗaga? Bayan an ɗinka anko? So kike a yi da ni a gari?"

Da ya ga bango ya yi dabbare-dabbare sai ya daina sirkawa. Ya dinga ɗibar fentin da kauri yana laftawa, don ya binne gashin da soson da fumfunar gaba ɗaya. Daga bakin ƙofa, in ba ka matsa ba, ɗaki ya yi shuɗi yana ƙyalli. Ya ɗauki hoto daga nesa ya tura wa Nimota. Ta tambaya ko ya bushe, ya ce ƙarau. Ta tambaya ko akwai wari, ya ce ko kaɗan.

Fentin mai mai kauri, a kan jiƙaƙƙen bango, cikin damina. Ina zai bushe? Sama ya yi fata, ciki yana nan danƙo. Ranar walima da safe Risikatu ta kunna turaren wuta a ɗakin, sai warin ya zama biyu.

Da hantsi motar Nimota ta iso. Makaɗa suka saki ganguna, suna kiran sunan kakannin tsohuwa ɗaya bayan ɗaya. Mata cikin anko suka durƙusa, maza suka zube. Morufu ya kwanta rub da ciki a gaban uwarsa, cikin sabuwar babbar riga. Ta dafa sanƙon nan nasa ta sa masa albarka.

Ta rame ƙwarai. Amma ranar idonta yana haske. Aka ce ta zauna a rumfa ta ga jama'a, ta ce a'a.

"Ku ci abincinku. Ni ɗakina zan fara gani."

Nimota ta riƙe ta, suka bi lungu a hankali. Morufu yana biye, yana ta surutu a kan yadda gaban gida ya yi kyau. Tun kafin su kai ƙarshen lungun Nimota ta juyo ta dube shi. Ta ji warin.

Tsohuwa ta zame hannunta ta shiga. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Ta dubi bango sama da ƙasa. Ta matsa ta ɗora tafin hannunta. Da ta ɗago, fentin ya biyo yatsunta, da guntun soso, da gashin buroshi guda biyu manne a ciki.

Ta juya ta leƙa bayan ƙofa. Ƙusa ce kawai.

"Ina buroshina?"

Morufu ya kawar da kai. A waje ganguna suna ta tashi.

"Morufu, da kai nake."

"Maami, ai... an yi ɗan aiki da shi ne a waje."

Ta buɗe baki za ta yi magana, tari ya riga ta. Irin tarin da ke naɗe mutum biyu. Numfashi ya ƙi shiga, idanunta suka firfito. Nimota da Risikatu suka ɗauke ta cak suka fita da ita ta ƙofar baya, suka zaunar da ita a iska, kusa da kabarin mijinta. Aka fesa mata maganinta, aka yi ta fifita, da ƙyar ta dawo.

Nimota ta ja ƙanenta gefe. Ba ta ɗaga murya ba saboda baƙi, amma kowace kalma ta shiga.

"Na tambaye ka ya bushe, ka ce ƙarau. Na tambaye ka wari, ka ce babu. Kashe ta kake so ka yi a gaban makaɗa?"

"Yaya, kwana biyu kawai zai..."

"Rufe mini baki. Ka yi wa masu cin amala kwalliya, uwarka ka shafa mata shara. Yanzu zan koma da ita."

Da tsohuwa ta ji za a koma, ta riƙe gefen kabarin da hannu biyu. Ta ce a shimfiɗa mata tabarma a lungu, ko a ɗakin Risikatu. Amma warin ya riga ya bi gidan duka, ga hadari ya haɗo. Nimota ta durƙusa tana kuka tana roƙonta. A ƙarshe ta saki.

Kafin a rufe ƙofar mota ta kira shi. Ya zo ya durƙusa a cikin taɓo da sabuwar rigarsa. Ya zaci zagi zai sha, da ma zagin ya fi masa sauƙi.

Ta miƙa masa hannunta mai shuɗin fenti.

"Goge mini."

Ya goge da bakin rigarsa.

"Ka kankare," ta ce. "Zan jira."

Mota ta tashi. Baƙi suka ci amalarsu, suka yaba gaban gida, suka watse.

Washegari da sassafe yana ƙofar shagon Lasisi tun kafin a buɗe. Lasisi ya zo ya gan shi. Bai ce Mai Tukunya ba, bai yi tsiya ba. Ya shiga ya jero kayan nan dai na ranar farko, ya ƙara ƙarfen kankara na biyu.

"Wannan na waye?"

"Nawa. In na rufe shago zan zo."

Sai a lokacin Morufu ya san abin da ya yi. Da tun farko ne, tsohon fentin ruwa da ya sha danshi kankara ɗaya yake sauka. Yanzu kuwa danƙo ne. Ya manne wa ƙarfe, ya toshe samfefa, ya shiga ramukan siminti. Inda a da zai gama da hantsi, yanzu sai ya wuni a kan faɗin tabarma ɗaya. Ya rufe maƙerarsa. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Risikatu tana kwashe tarkace, Lasisi yana zuwa da yamma.

Da aka kai ga siminti, sai jira. Bango yana son rana, sama kuwa kullum ruwa. Ya cire ƙyauren taga, ya kawo fanka, ya zauna yana kallon bango kamar mai jinya.

Kullum da safe waya takan shigo daga Ibadan.

"Ya bushe?"

"Saura kaɗan, Maami."

"Kada ka yi mini ƙarya."

"Bai bushe ba, Maami."

"To. Yanzu na ji muryarka."

Tun ranar walimar nan jikinta bai koma daidai ba. Muryar tana ƙara nisa. Wata rana sai ta tambaya ta yi shiru, ya ji numfashinta kawai.

Da ruwa ya ɗan ɗauke, bango ya yi fari ya bushe, ya buɗe bokitin fentin ruwa. Ya tsoma sabon buroshi ya ja layin farko a kusurwa. Fentin ya kwanta sumul. Ba gashi, ba tabo, ba gardama. Rola ta bi bango shiru kamar ana shafa wa jariri mai. Kafin azahar ya gama shafar farko. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki da buroshi a hannu, hawaye suna zuba. Aikin ke nan gaba ɗaya. Abin da ya guje wa ke nan.

Ya bari ya bushe, ya maimaita. Ya mai da gadonta, da akwatinta, da dardumarta inda take. Ya kwana a ɗakin da kansa don ya tabbata babu wari. Da gari ya waye ya wanke buroshin da sabulu har ruwan ya fito fes, ya naɗe a tsumma, ya kama hanyar Ibadan zai ɗauko ta.

A gidan Nimota ya tarar da ƙofa a rufe. Maƙwabciya ta ce an koma asibiti tun jiya.

Ya same ta da robar iska a hanci. Nimota tana zaune a gefen gado, ta ɗago ta dube shi, ta girgiza kai. Likita ya ce ko zuwa bakin ƙofa ba za a kai ta ba, balle Shaki.

Ya durƙusa a gefen gadon.

"Maami, ya bushe."

Ta buɗe ido. Ya nuna mata hoto a waya, wannan karon daga kusa, kusurwa bayan kusurwa, har da tagar a buɗe da gefen kabarin. Ta daɗe tana kallo.

Ya warware tsumman ya sa mata buroshin a hannu. Ta shafa mariƙin. Ta kama gashin da yatsu biyu ta ja, da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ko ɗaya bai fito ba. Ta lanƙwasa shi a tafin hannunta, ya koma.

"Mai kyau ne," ta ce. "Yana nan a shagon tun ranar farko?"

"Yana nan, Maami."

Ta rufe ido. Ya riƙe hannunta.

"Ki yafe mini. Naki na lalata. Na ba masu fenti, na manta da shi a rana."

"Na sani tun da na ga ƙusa. Na yafe." Ta huta, ta ja numfashi. "Ka wanke wannan?"

"Na wanke."

"To ka rataye shi. In na zo zan gani."

Ta zo, amma ba da ƙafarta ba. Bayan kwana biyu, da asuba, Allah ya karɓi abinsa. Aka ɗauko ta zuwa Shaki, aka shigar da ita ta baƙar ƙofar nan mai ƙyalli, aka bi lungu da ita, aka shimfiɗe ta a ɗakinta. Kwanciyar da ta yi ke nan a cikinsa, daga azahar zuwa la'asar.

Tsofaffin matan da suka yi mata wanka suka fito suna magana a tsakaninsu.

"Kun ga ɗakin? Kamar ita ta shafa da hannunta."

"Ai Morufu ɗa ne. Allah ya ba mu masu kula da mu haka."

Yana tsaye a lungu yana ji. Da ma marinsa suka yi. Nimota ta wuce ta gabansa, ba ta tona shi ba, ba ta kuma dube shi ba.

Aka binne ta kusa da mijinta, ƙarƙashin tagar.

Har yau ɗakin yana nan, ba mai kwana a ciki. Kowace shekara in Babbar Sallah ta matso, Morufu yakan rufe maƙera. Ya fitar da gado da akwati, ya kankare inda ya tashi, ya shafa shuɗi siriri, ya bushe, ya maimaita. Ba ya yarda kowa ya taya shi. Gaban gidan kuwa ruwan ƙwan ya koɗe, ƙofar ta yi tsatsa, ko kallonsu ba ya yi.

A bayan ƙofar ɗakin ƙusa biyu ce yanzu. Ɗaya tana ɗauke da buroshin da yake wankewa ya taje. Ɗayar tana ɗauke da wani baƙin dunƙule mai mariƙin katako, wanda ba zai ƙara shafa komai ba. Risikatu ta taɓa cewa a jefar da shi. Ya ce a bar shi, shi ne nasa.

Darasi: In za ka yi aiki, ka zaɓi kayan kirki tun farko. Ka ja gashin buroshi kafin ka biya, ka kankare kafin ka shafa, kuma ka saurari wanda ya riga ka sanin aikin. Kayan banza ba kuɗinka kaɗai suke ci ba, lokacinka suke ci, kuma akwai mai jiranka da ba shi da lokacin. Kada ka ƙawata inda baƙi za su gani ka wulaƙanta inda iyayenka za su kwana. Wanda nasa suke raye ya tashi yau ya leƙa ɗakinsu, ya taɓa bangon da hannunsa. Ku tura wa 'yan uwanku wannan, musamman masu cewa "wa zai gani?"